Ɗakin da Mu'allim ya gina a kan rufin mutane

Lokacin zafi ne, irin zafin Jidda da iskar teku ke kawowa a jiƙe, mutum ya fito daga wanka ya rasa ko ya goge jikinsa ko bai goge ba. Shekarar kuwa ba ta yi kama da kowace shekara da na sani ba. An rushe unguwarmu Karantina, an kwashe ɓaraguzanta, an share wurin fes, mu da aka haifa a cikinta muka watse cikin gari. In waya ta yi ƙara, kafin a tambayi lafiya sai an ce, "Ina kuka koma?" Wasu sun yi can bayan gari, wasu sun raɓe wurin dangi a unguwar Hindawiyya, wasu sun tattara sun tafi ƙasar da kakanninsu suka baro, wadda su ba su taɓa gani ba.

Mu Allah ya rufa mana asiri ta hannun 'yarmu ta fari, mai aiki a wani asibiti. Ta yi yawo har takalminta ya cinye, masu gidaje suna jin daga ina muka taso sai su ce an riga an kama. Da ƙyar wani dattijo Balarabe ya yarda ya ba ta shagga, wato ɓangare guda a gidan bene, a unguwar Safa, a hawan ƙarshe, daga mu sai rufi. Da sunanta aka yi hayar. Ranar da muka shiga ta tsaya a bakin ƙofa ta ce da ubanta, "Abuya, Allah ya bar mana kai, ko ƙusa kada ka buga a bangon nan." Ya ce ya ji.

Maigidana magini ne, kowa Mu'allim yake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Rabin ɗakunan sama na lungunmu a Karantina hannunsa ne. Can, in ɗanka ya isa aure, sai ka hau kan ɗakinka ka jera bulo, ka rufa kwano, shi ke nan an yi gida. Ba wanda kake tambaya sai maƙwabcin da za ka toshe wa taga, shi ma shayi za ka kai masa ku sha, magana ta ƙare. A haka Mu'allim ya tsufa, bai san akwai saman da ba a gini a kansa ba.

Sai kuma zancen Yabani, wato mutumin Japan a bakin Larabawa, wanda duk wanda ya taɓa zama da maigidana ya haddace shi. Yana saurayi, farkon aurenmu, ya yi tuƙi a wani kamfanin mutanen Japan da ke binne manyan bututun ruwa a gari. Wata rana tsohon da ya kafa kamfanin ya zo daga ƙasarsu duba aiki, aka ba Mu'allim shi ya riƙa yawo da shi. Ɗan tsoho ne gajere mai furfura, ba ya jin Larabci, Mu'allim ba ya jin yarensu, wani ɗan Sudan ke zama a tsakani yana fassara. Ta bakin ɗan Sudan ɗin nan tarihin ya iso gidanmu, ya kuma ci gaba da girma shekara bayan shekara.

Wai tsohon ya dawo daga babban yaƙin da aka ƙone musu birane, ya tarar garinsu toka, ba uwa ba uba. Ya samo amalanke yana kwashe ɓaraguzai. Daga kwasa ya koma kafa wa mutane rumfuna, daga rumfuna ya samu kwangilar gyaran bakin tasha inda masunta ke ɗaure jiragensu. Kafin a ankara ya zama babban ɗan kwangila. Sai ya lura duk takardar da yake jira a sa wa hannu, wani ne a majalisa ke sa mata hannu, ya ce to me zai hana shi ya zama wannan wanin. Ya tsaya takara. Ya sa farar safar hannu, ya hau kan mota yana zaga ƙauyuka yana faɗin sunansa, yana sunkuya wa kowa har da yara. Ba a yin jana'iza a yankinsa bai riga dangi isa ba. Ya ci zaɓe. Ya bar kamfanin a hannun surukinsa, shi yana majalisa yana cewa a yi hanya, suruki yana ƙasa yana yin hanyar. Har gada ya sa aka yi zuwa wani tsibiri da ba kowa sai tsofaffi da kyanwoyi. Jaridu suka yi ta zaginsa, tsofaffin suka yi ta zaɓensa har ya mutu.

Ni ma na ga mutumin da idona. Mu'allim ya kawo shi lungunmu ya sha shayi. Ya tsaya yana kallon kwanonmu da wayoyin lantarki da ke reto, ya daɗe, har idonsa ya kawo ruwa, ya faɗi wata magana. Ɗan Sudan ya ce wai haka garinsu yake bayan yaƙi. Mu'allim ya ɗauki wannan yabo ne, ya yi ta godiya. Da tsohon zai tafi ya ba shi farar safar hannu, aka ajiye ta a ƙasan akwatina tare da zannuwan aurena.

To da aka rushe Karantina, maigidana ya tsaya a gefen titi yana kallon motocin rusau suna cin ɗakunan da ya gina, bai yi kuka ba. Ya dawo ya ce da ni, "Hajiya, yau na gane. Daidai nan Yabani ya fara."

Na ce, "Allah ya sa mu ga alheri."

Sai dai mu a nan ba mu da majalisar da za mu shiga. Mu'allim a Jidda aka haife shi, da iƙama, takardar zaman baƙi, yake zaune kamar ubansa, bai taɓa ganin akwatin zaɓe ba sai a talabijin. Abin da muke da shi ɗaya ne, kayan aza. Aza ita ce zaman makoki irin na nan: a jera kujeru a titi, a ja fitilu, a yi ta zuba gahawa, a dafa shinkafa da wake irin na Larabawa a ci bayan sallah. Unguwarmu tana da kayanta na jama'a, kujeru da dardumai da manyan tukwane da butocin gahawa, kuma tun zamanin iyayenmu, wanda kayan ke ajiye a gidansa shi ne babban unguwa. Shi ake fara bugawa in an yi rashi, shi ke raba faɗa, shi ake sa wa a gaba in za a je neman aure. Dattijon da ke riƙe da su ya rasu ba da daɗewa ba bayan rusau, aka jibge kayan a bayan shagon wani mai tsire a Hindawiyya. Samarinmu, da suke kallon zaɓen Najeriya a waya, suka ce wannan karon ba za a naɗa a ɗaki ba, ƙuri'a za a kaɗa. Mai tsire ya ce yana ciki. Mu'allim ya ce in buɗe masa akwati.

Safar ta yi rawaya-rawaya, na wanke ta da bula. Yana da wata 'yar motar ɗaukar kaya, irin wadda ake kira dabbab, ya wanke ta ita ma. Ya so ya ɗaura lasifika, 'yarmu ta ce in ya ɗaura, ita ba za ta je karɓo shi wurin 'yan sanda ba. Sai ya koma faɗin sunansa da bakinsa ta taga, a hankali, in fitilar hanya ta tsayar da shi. Masu ƙuri'ar kuwa sun watse a faɗin gari, don haka yawanci 'yan Pakistan ne da ke motar gefe suke jin sunan.

Sunkuyawa ce ta fi ba shi wahala, domin bayansa ya daɗe da ƙin lanƙwasa. Ya sunkuya wa wata tsohuwa ƙawar marigayiya mahaifiyata, ta ja da baya ta ce, "Mu'allim, me ka yar? Bari jikata ta ɗauko maka." Zuwa makoki kuwa ya riƙe shi sosai. Da ya hango fitilu da kujeru a titi sai ya tsaya. Wata rana ya shiga aza ya yi gaisuwa, ya share hawaye, ya ci shinkafa, ya yi wa masu gida alkawarin gyara musu matakalar ƙofa, sai a kan hanyar fita ya lura duk mutanen Indonesiya ne. Ya dawo ya ce ba asara, Yabani ma ba ya zaɓen gawa. Matakalar ma ya koma ya gyara.

Duk wannan ban ce komai ba. Mutum ne da aka rushe masa aikin rayuwarsa a gabansa, in ya sami abin da zai tashe shi da safe, ni mai godiya ce. Na riƙa goge masa riga, ina jiƙa safar.

Abin da ya tayar mini da hankali ya fara ne wata rana da tsakar rana, lokacin da gidan ke yin tsit, har haris, mai gadin gidan, yana kwance ƙarƙashin fanka. Na ji nishi a matakala. Na leƙa, sai ga Mu'allim da bulo a kafaɗa yana hawa rufi.

Na ce, "Mu'allim, ina zuwa da wannan?"

Ya sa yatsa a baki. "Hajiya, wanda ya gina wa kaya ɗaki, shi ke da kaya. Mai tsire a fili ya bar su, rana na cin dardumai."

"Rufin nan fa ba namu ba ne."

"Na wa ne? Mu ne a ƙarƙashinsa. Tagar wa na toshe? Faɗa mini in kai masa shayi."

Ya wuce. Haka ya yi ta yi kullum da azahar, bulo, yashi a buhun shinkafa, siminti. Ni na san ya kamata in gaya wa 'yarmu, amma tana dawowa a gajiye, ƙafafu a kumbure, sai in ce bari sai gobe. Ginin kuwa ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Bango a miƙe, ƙofar ƙarfe, har da 'yar taga don iska.

Ruwa ne ya tona shi. Daga tankin gidan yake ɗiban na kwaɓa siminti, ranar da ya yi daɓe ya bar famfo a buɗe. Matar da ke ƙasa da mu tana cikin wanke kan ɗanta ruwa ya ɗauke. Haris ya hau duba tanki, ya sauko da gudu yana salati. Kafin la'asar mai gidan ya iso da ɗansa, yana hawa yana hutawa, yana dafa sanda.

Ya tsaya gaban ɗakin ya daɗe. Ya buga bangon da sanda. Ya ce, "Masha Allah. Wa ya yi wannan?"

Mu'allim ya dafa ƙirji da farar safa, ya sunkuya iyakar yadda bayansa ya bari.

Dattijon ya ce, "Aiki mai kyau, ya Mu'allim. A kan gidan wa?"

"Don jama'a ne, ya shekh. Kayan mamata za a sa."

"Jama'ar su saya maka rufi. In baladiyya, hukumar gari, ta hango wannan, ni za ta kama, ba jama'a ba." Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ya juyo wurin 'yarmu, wadda haris ya kira ta baro aiki, ya ce, "'Yata, ke na sani. Ranar Asabar ɗana zai zo. In ya ga rufi yadda na ba ku shi, halas, ban ga komai ba. In ya ga ɗaki, ku nemi wani gida."

Zaɓe kuwa ranar Juma'a ne.

Da suka tafi, yarinyar nan da ba ta taɓa ɗaga wa ubanta murya ba ta zauna a ƙasa ta yi ta magana da Larabci tsantsa, domin in ranta ya ɓaci Hausa gudu take mata. Ta lissafa masa ƙofofin da aka rufe mata. Ta ce, "Abuya, haram alaik, ina zan kai Umma? Ina zan kai ƙannena?" Ya ce ta yi haƙuri, in ya ci zaɓe zai je wa dattijon a matsayin shugaba, shugaba da shugaba ba sa rasa fahimtar juna.

Ni sai da na bari ya ci abinci ya sha shayi. Na ce, "Mu'allim, a sauke ɗakin nan."

"Yabani bai taɓa rushe abin da ya gina ba."

"Yabani a ƙasar ubansa yake."

Ya ajiye kofi. Na ga maganar ta shige shi, na kuma yi nadamar yadda ta fito, amma ban janye ta ba. Ya ce, "Duk abin da na gina a garin nan an rushe. Wannan ma ni za ki sa in rushe da hannuna?" Na kwashe kofuna.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a wani filin biki da aka ara a bayan gari. Mu mata muna bayan labule muna dafa shinkafa, muna leƙe. Samari suka kawo kwalin lemo suka huda shi a sama, suka raba 'yan takardu. Tsofaffi suka ce ba su san wannan ba. Wani ya ce, "Ni in ɓoye wanda nake so? Sata zan yi?" Ana cikin wannan gardama mai tsire ya miƙe, yana share gumi da gefen rawaninsa.

Ya ce, "Jama'a, ku bar kwalin nan. Ni na janye. Wallahi na tsaya ne don na zaci ba wanda zai karɓi kayan nan. Sun cinye mini bayan shago, ɓeraye sun yi gari a cikin dardumai, masu duba tsafta sun zo mini har sun gaji da zuwa. Tunda Mu'allim ya gina musu ɗaki, Allah ya ba shi lada, Allah ya ƙara masa ƙarfin baya. A yi Fatiha."

Aka shafa Fatiha da sauri kamar ana tsoron kada ya canza ra'ayi. Mu'allim ya tsaya da safarsa, ya shirya jawabin da ya yi makonni yana maimaitawa a banɗaki, ba abokin hamayyar da zai kayar. Duk da haka ya ce sai ya yi. Ya fara daga amalanken Yabani, ya kai kan gadar tsibiri, daidai nan aka fito da farantan shinkafa, jama'a suka juya. Wani tsoho kurma ne kaɗai ya saurare shi har ƙarshe, ya kuma tafa masa.

Ashe mai tsire tun safe ya loda kayan a babbar mota, tana waje tana jira. Ta bi dabbab ɗin Mu'allim har Safa. Waɗanda suka yi masa Fatiha, da aka zo batun hawa da kujeru har rufi, kowa ya tuna da uzurinsa: wannan zai ɗauko matarsa, wancan gwiwa, wani kafilinsa, mai tsaya masa a takardun zama, na nemansa. Direba ya sauke kayan a bakin ƙofar gidan ya ce yalla, ya tafi. Mu da 'ya'yanmu muka yi ta jida. Ba mu iya kaiwa rufi ba, muka cusa su a shagga. Kujeru har saman falo, tukwane a ɗakin kwana, wata babba da jariri zai yi iyo a ciki ta tsaya a ƙofar kicin ta ƙi shiga ta ƙi fita. Maƙwabta suna leƙowa suna tambayar wa ya rasu.

Bayan magariba Mu'allim ya hau rufi shi kaɗai. Ina jin takunsa a saman kaina, yana zagawa, yana tsayawa. Wayarsa tana ƙasa tana ta ƙara, masu murna ne da kuma wata mata da ke son aron tukwane ranar Litinin. 'Yarmu tana zaune a kan dardumar mamata ta haɗa kai da gwiwa.

Da ya sauko ya cire safar ya ninke. Bai dubi kowa ba. Ya ce, da murya sama-sama kamar yana yi wa bango magana, "Shugaba dole ya zaga ya yi wa jama'a godiya. Gobe da sassafe zan fita. Gidajen da nisa. Ba na jin zan dawo kafin la'asar." Sannan ya ƙara, "Kwanon sabo ne. Duk mai cire shi ya bi a hankali, daga gefen tanki ake farawa." Ya shiga ya jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya ciro babbar guduma ya jingine ta a bakin ƙofa, wai tana tsare masa wuri.

Na ce, "Allah ya kai mu. In zuba maka shayi a fulas?"

Ya ce in zuba da yawa.

Washegari ya fita tun rana ba ta yi zafi ba. Na tsaya a taga har dabbab ta sha kwana. Na ɗauki waya na bi matan unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, na ce matar shugaba ce ke magana, kowace ta turo a ɗaukar mata rabonta na kujeru da tukunya ta ajiye a bayan ƙofarta, in an yi rashi a haɗo. Wadda ta fara kawo uzuri sai in tambaye ta a kan me za a zauna ranar tata, sai ta ce a kawo. Sannan na yafa mayafi, na ɗauki gudumar da hannu biyu, na hau rufi. Na kai wa bangon duka, gudumar ta dawo ta kusa kayar da ni, bangon ko gezau. Haris, da ya biyo ni, ya ce, "Khala, kawo, kawo, kada ki karya mana hannu." Ya kira wani ɗan'uwansa, suka fara daga gefen tanki. Ni na riƙa karɓar kwanon ina jerawa a hankali, na share ƙasa, na wanke wurin da ruwan da na hau da shi daga kicin ɗina. Da na gama na kira 'yarmu a wurin aiki na ce ta gaya wa ɗan mai gida ya zo ya duba. Na sauko, na raɓa ta gefen babbar tukunyar nan na shiga kicin, na ɗora wa Mu'allim miyar kuka, wadda ya fi so.